Kocin Da Muka Ɗauko Daga Birni

Shagona na ɗinki yana bakin hanyar da ta gangara tasha a Karaye, jikin shagon wani mai gyaran rediyo. Benci biyu na ajiye a ƙofa saboda masu jiran kaya, amma da an idar da sallar la'asar sai mutanen da ba su kawo ɗinki ba su cika su. Zancen ƙwallo ake yi, kullum. Ni ina kan keke ina taka shi ina sa baki, mai gyaran rediyo yana leƙowa ta tagarsa yana ba ni amsa. A wancan lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, Karaye da Rogo ƙaramar hukuma ɗaya ce, kulob ɗinmu ma ɗaya ne. Rabin 'yan wasan daga cikin gari suke, sauran daga Rogo da ƙauyukanta. Ni nake ɗinka musu lambobi a bayan jesi, ƙanina kuma yana buga musu baya. Saboda haka nake ganin ina da ta cewa fiye da kowa.

Wanda ya haɗa kulob ɗin wani malamin firamare ne daga Rogo Sabon Gari. Malam kawai muke ce masa. Siriri ne, yana ɗan ɗingishi saboda karayar da ya taɓa yi a ƙuruciya, kuma bai iya tsawa ba. Sau uku a mako yake hawo tsohon babur ɗinsa ya zo atisaye, jakar ƙwallaye ɗaure a baya. Ya fi shekara goma yana wannan. Ya san uban kowane ɗan wasa, ya san wanda ke da noma da wanda ke da kiwo, kuma idan damina ta kankama yakan rage atisaye don kada a bar gonaki. Idan ɗan wasa ya ce ƙirjinsa na ciwo, sai ya zaunar da shi a gefe, ko da kuwa ana cin mu. Wannan hali nasa ya sha ba mu haushi.

Shekarar da abin ya faru mun ci kofin yankinmu, muka samu shiga gasar jiha. Garin ya yi kwana uku ba a zancen komai sai wannan. Wani Alhaji mai fataucin shanu, wanda a da ko filin ba ya zuwa, ya karɓi shugabancin kulob, aka kafa kwamiti, aka sayo sababbin jesi da takalma. Ba a yi sati biyu ba sai magana ta fara yawo cewa kwamiti na son sauya koci. Wai Malam ya yi ƙoƙari, amma gasar jiha ba wasan makaranta ba ce, ana bukatar wanda ya san birni, wanda ya san alƙalan wasa, wanda yake da takarda.

Nan majalisarmu ta rabu. Mai gyaran rediyo, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya tsaya a kan Malam. Hujjarsa ɗaya ce, kuma kullum ita yake maimaitawa: mutumin da ya kawo ku inda kuke, shi ya fi sanin yadda za ku wuce gaba. Ni da wani direban a-kori-kura mai jigilar rake daga Rogo muka tsaya a ɗaya ɓangaren. Na iya magana a lokacin, kuma ina jin daɗin a saurare ni. Nakan ce Malam tausayi ya yi masa yawa, nakan lissafo wasannin da muka rasa saboda ya cire ɗan wasa don ya ga yana haki. Nakan ce 'yan birni za su yi mana dariya idan suka ga kocinmu ya zo da alli a aljihu. Mutane su yi ta dariya, ni kuma in ƙara.

Da farko musu ne irin na yau da kullum, a yi a tashi a tafi masallaci tare. Daga baya ya sauya kama. Mutanen Rogo suka fara cewa don Malam nasu ne ake son ture shi, 'yan Karaye na son su mallake kulob tunda ya fara suna. Namu kuma suka ce ai filin a Karaye yake. Wani dillalin mazarƙwaila daga Rogo da ya shekara biyar yana kawo mini ɗinki ya zo ya karɓi yadinsa ba a yanka ba. A unguwar Daura har an kai ga wasu samari biyu sun ba hamata iska a gidan biki saboda wannan magana.

Ranar da kwamiti ya zauna a zauren Alhaji, an kira ni in yi magana da sunan magoya baya. Na je da sabuwar riga. Na faɗi duk abin da nake faɗa a shago, na ƙawata shi. Alhaji yana gyaɗa kai. Sakataren kwamiti ya ce akwai wani ƙwararren koci a birni da aka yi musu bayaninsa, ya horar da manyan kulob, kuma a shirye yake ya zo. Babu wanda ya tambayi waɗanne kulob ne. Ni ma ban tambaya ba. Aka rubuta wa Malam takardar godiya, aka ba direban rake ya kai masa.

Kwana biyu bayan nan Malam ya tsayar da babur a ƙofar shagona da hantsi, lokacin da babu kowa. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin mahaifiyarmu. Ya kwance jakar ƙwallaye ya ajiye a kan benci, ya ɗora usur a kai. Ya ce in miƙa wa kwamiti, shi yana da aji. Na fara kame-kame ina cewa ai ba wai an raina ƙoƙarinsa ba ne. Ya ce ya sani, Allah Ya sa hakan ne mafi alheri. Ya buga babur ɗinsa sau uku kafin ya tashi.

Sabon kocin ya iso ranar wata Laraba a motar haya. Kakkaura ne, gajere, yana sanye da rigar wasanni mai dogon hannu duk da zafin bazara, da baƙin tabarau. Kayansa jaka ɗaya ce da wata ƙaramar akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wadda bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba. Hausarsa tana fita, amma ba za ka iya cewa ga garin da ya fito ba. Aka ba shi ɗaki a wani gidan Alhaji da ke bayan kasuwa. Ba ya zama majalisa, ba ya cin abinci a gidan kowa. Idan ka gaishe shi zai amsa da kalma ɗaya ya wuce. Sau ɗaya ya zo shagona, ya ce in ɗinka wa wandunan 'yan wasa ƙaramin aljihu ta ciki. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na sa laya ne ga mai so. Na ɗinka.

Abu na farko da ya yi shi ne hana kallon atisaye. A zamanin Malam kowa na zuwa, har masu tallar gyaɗa. Shi kuwa ya ce asirin wasa ba a baza shi a fili, ya sa aka riƙa korar mutane. Na biyu, ranar wasa, kafin a fito, sai ya shige da 'yan wasa wani ajin makarantar da ke gefen fili, a rufe ƙofa da tagogi. Yana shiga da akwatinsa da manyan fulas biyu na shayi. Sukan yi kamar minti ashirin. Idan suka fito ba sa kallon kowa.

Wasanmu na farko a gasar mun ci uku da nema. Na biyu, a waje, mun ci biyu da ɗaya. Ban taɓa ganin yaranmu suna gudu haka ba. Minti casa'in suna bin ƙwallo kamar yanzu aka fara, abokan karawa na zubewa da gajiya su ko alamar haki babu. Majalisa ta koma hannuna. Waɗanda a da ke goyon bayan Malam suka fara cewa to, gaskiya mutumin ya san aikinsa. Har 'yan Rogo suka dawo kallo, don yaransu ne ke cin ƙwallayen. Ni kuwa kowace yamma sai na leƙa tagar maƙwabcina na tambaye shi ko yana da sauran magana.

Mai gyaran rediyo ya daina musu da ni. Wannan ya fi damuna fiye da musun. Wata rana yana ƙona dalma a kan wata rediyo, bai ko ɗago kai ba, ya ce shi abin da bai gane ba, me ya sa yaran ba sa murna idan sun ci. Ya ce in lura da kyau, idan an tashi wasa jama'a na tsalle, su kuwa suna tsaye suna ta cije baki, idanunsu a buɗe kamar waɗanda aka tsorata. Na ce masa wannan ai shi ne ƙwarewa, manyan 'yan wasa ba sa rawar kai. Ya ce to.

A gida ma na fara ganin abin, sai dai ban so in gani ba. Ƙanina mutum ne mai ci, mai barkwanci, wanda matarsa ke ƙorafin tuwo ba ya isarsa. Sai ga shi ranar wasa da washegari ba ya taɓa abinci. Ya rame a wuya. Mahaifiyarmu ta ce mini matarsa ta gaya mata ba ya barci, sai zagaye tsakar gida. Ran nan ya ɗaga hannu zai mari ɗan maƙwabta don ƙwallon roba ta faɗo masa a kwano, abin da bai taɓa yi ba. Idan kwana biyu suka wuce kuma sai ya kwanta kamar gawa, a yi ta tashinsa sallah. Da na tsare shi na tambaye shi abin da ake yi a cikin ajin nan, sai ya ce addu'a ce da shayi. Na ce shayin me. Ya ce koci ya sa sun yi rantsuwa ba za su faɗi sirrin kulob ba, kuma ai ni ne na fi kowa son a kawo shi.

A gari an ce rubutu ne ake ba su, wasu suka ce wani malami ne a gabas ke yi wa kocin aiki. Wannan bayani ya yi wa kowa daɗi, ni ma na riƙe shi. Idan asiri ne, ai kowane kulob na yi, namu ne kawai ya fi kama.

Wanda ya fi kowa haskawa a cikin 'yan wasan wani Bafulatani ne daga wani ƙauye a Gwangwan, ta ɓangaren Rogo, mai buga gaba. Dogo ne, fari, mai kunya. Malam ne ya gano shi yana buga ƙwallon tsumma a bayan makaranta shekaru da suka wuce, ya bi shi har ruga ya roƙi mahaifinsa. Bai daɗe da aure ba. Shi ke cin fiye da rabin ƙwallayenmu, kuma a ƙarƙashin sabon koci ya zama abin tsoro. Idan ya ɗauki ƙwallo daga tsakiya, filin gaba ɗaya sai ya miƙe tsaye.

Wata ranar kasuwa wani dattijo mai malfa da sanda ya tsaya a ƙofar shagona ya yi sallama. Ya ce an ce masa ni ne babban masu ƙwallo. Na ce a'a Baffa, ni tela ne, amma ya zauna. Mahaifin yaron ne. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya zo kan magana. Ya ce ɗansa ya sauya. Yana fita da shanu ya manta inda ya kai su. Hannunsa na rawa idan yana tatsa. Shekaranjiya ya same shi zaune a gindin kuka ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa ce ke gudu ita kaɗai. Dattijon ya ce shi bai san ƙwallo ba, a hannun Malam ya ba da yaron, yanzu kuma an ce Malam ba ya nan, to wa zai tambaya?

Na ce masa gajiya ce, wasannin sun yi yawa, kuma an kusa gamawa. Na ce ɗansa na gab da zama wanda za a ji sunansa a rediyo. Ya dube ni ya ce shi ba ya da rediyo. Ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa.

Sati bai cika ba Malam ya zo. Tun ranar da ya ajiye jaka ban sake ganinsa a Karaye ba. Wannan karon bai zauna ba, kuma gaisuwar gajeriya ce. Ya ciro wata 'yar takarda a nannaɗe daga aljihu ya buɗe a kan teburin yankana. Ƙwayoyi ne guda biyu, ƙanana, farare. Ya ce ɗaya daga cikin yaran Rogo ne ya kawo masa, ya ce ana narka wasu a shayi, ana kuma ba kowa biyu ya sa a aljihun wando don hutun rabin lokaci. Ya ce ya kai wa wani ma'aikacin asibiti da ya sani, shi kuma ya ce masa irin wadda direbobin dogon zango ke sha ce don kada su yi barci, kuma wanda ya sha ta ya yi gudu a rana, zuciyarsa na iya tsayawa.

Na dubi ƙwayoyin, na tuna aljihunan da na ɗinka da hannuna.

"Tela," in ji Malam, "ni idan na je wurin Alhaji za a ce baƙin ciki ne ya kai ni. Kai suna jin maganarka. Ka je yau."

Na ce, "In sha Allahu, Malam. Zan je."

"Yau," ya sake cewa.

Ban je ba. Ranar Alhamis ce, kuma ranar Asabar muke da wasan kusa da na ƙarshe, a gida. Na ce wa kaina idan na tayar da maganar yanzu kulob zai watse ana saura kwana biyu, garin nan kuma ba zai yafe mini ba. Na ce wasa ɗaya ne, sun yi shida ba abin da ya faru. Na ce ran Lahadi da sassafe zan je zauren Alhaji in ajiye masa takardar ƙwayoyin a gabansa. Abin da ban faɗa wa kaina ba shi ne, zuwa wurin Alhaji na nufin in tsaya a gaban majalisa in ce mai gyaran rediyo ne ke da gaskiya. Abu ɗaya na yi: na ja ƙanina gefe ranar Juma'a bayan masallaci na ce kada ya sha komai gobe. Ya ce idan bai sha ba koci ba zai sa shi ba. Na ce to ya zubar a ɓoye. Ƙanina kaɗai na gaya wa. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Asabar ta zo da wani irin zafi mai nauyi. Hadari ya haɗu ta gabas tun azahar amma ya ƙi saukowa, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Filin ya cika tun kafin la'asar. Motoci sun zo daga Rogo, mutane a kan katangar makaranta, wasu a kan bishiyoyin darbejiya. Na ga dattijon nan na Gwangwan a can ƙarshen fili, shi kaɗai, ya dogara da sanda. Ban taɓa ganinsa a wurin wasa ba. Na kau da kai don kada mu haɗa ido.

An rufe aji kamar kullum. Wannan karon sun fi daɗewa. Da suka fito, Bafulatanin ne a gaba, jesinsa ta riga ta jiƙe tun ba a fara ba.

Ya ci ƙwallo ɗaya kafin hutu. Bayan an dawo baƙin suka farke, wasa ya yi zafi, koci yana bakin layi yana ta nuna masa gaba da hannu. Saura kamar kwata a tashi aka jefa masa wata doguwar ƙwallo. Ya bi ta, ya wuce ɗan baya ɗaya, ya wuce na biyu. Babu wanda ya taɓa shi. Sai kawai ya rage gudu, ya yi taku uku kamar mai neman wani abu a ƙasa, ya durƙusa, ya kifa. Ƙwallon ta ci gaba da gangarawa har ta fita.

Jama'a suka yi ta ihu a ba da fenareti. Alƙalin wasa ma ya ɗan tsaya yana duban mataimakinsa. Ƙanina ne ya fara isa wurinsa, ya juya shi, sai na ga ya ɗora hannu biyu a ka. Daga nan filin ya yi tsit, daga gaba zuwa baya.

A motar direban rake muka sa shi. Ni na riƙe kansa a cinyata, mahaifinsa na riƙe da ƙafafunsa, an cire masa takalmi ɗaya an manta ɗayan. Jikinsa zafi kamar an ciro shi daga wuta. Asibitin ba nisa, amma kafin mu kai na san ya tafi, dattijon ma ya sani, don ya daina kiran sunansa ya koma salati. Ma'aikacin da ya duba shi ya tambaye mu abin da ya sha. Ya sa hannu a wandon ya lalubo aljihun ciki, babu komai a ciki.

Kafin magariba wasu samari suka nufi gidan bayan kasuwa da sanduna. Sun tarar da ƙofa a buɗe, tabarma a shimfiɗe, babu jaka babu akwati. Wani mai faci a tasha ya ce ya ga mutumin ya hau bayan wata motar itace tun ana cikin hayaniya a fili.

Washegari aka yi jana'iza a ƙauyensu. Ruwan da ya ƙi sauka jiya ya sauka da asuba, hanya ta yi laka, muka bar mota a bakin wani rafi muka ƙarasa da ƙafa. Mutanen Rogo sun zo da yawa, sun tsaya gefe guda, mu ma gefe guda. Malam ne ya shiga kabari tare da 'yan'uwan mamacin. Da na durƙusa gaban dattijon zan yi masa ta'aziyya, sai ya riga ni magana. Shi ya riƙe hannuna ya ce ya gode da na riƙe kan ɗansa a mota. Bai ƙara komai ba, kuma bai taɓa tayar da maganar zuwansa shagona ba, har ya rasu.

An kira 'yan kwamiti wurin hukuma an yi musu tambayoyi. A nan ne aka gano babu wanda ya san mutumin. Alhaji ya ce sakatare ne ya kawo shi. Sakatare ya ce wani abokin cinikin Alhaji ne a kasuwar shanu ya ba da shi. Abokin cinikin ya ce shi a mota suka haɗu sau ɗaya. Takardun da ya nuna babu wanda ya karanta su da kyau, kuma sunan da ya ba sakatare daban yake da wanda ya ba mai kula da gidan da ya zauna. Dattijon ya ce shi ba ya ƙarar kowa, ya bar wa Allah. Maganar ta mutu a nan.

A majalisa kuwa ba ta mutu ba, sai dai ta koma ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka fi kowa tafi a lokacin nasara su ne suka fara cewa su dama tun farko ba su yarda da mutumin ba. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, ko Malam ne koci sai ya faɗi. Wasu suka ce 'yan Karaye sun kashe wa Rogo yaro. Babu wanda ya ambaci sunana a gabana, amma benci ya riƙa raguwa. Mai gyaran rediyo, wanda nake jiran ya ce ai ya faɗa, bai taɓa cewa ba. Ran nan ma shi ya kawo mini kunu da ya ga ban fita cin abinci ba.

Ƙanina bai sha ba a ranar, ya zubar a bayan benci kamar yadda na ce. Amma na makonnin baya sun riga sun yi masa aiki. Ya yi wata uku yana fama, wani lokaci kuka, wani lokaci ya zauna yini guda bai ce uffan ba. Biyu daga cikin abokan wasansa sun ci gaba da neman ƙwayar da kansu a tasha, ɗaya bai sake komawa daidai ba. Ƙanina ya warke, ya koma noma, amma bai sake taɓa ƙwallo ba. Ya kuma san na san abin tun ranar Alhamis. Mun shekara muna gaisawa kamar baƙi a gida ɗaya.

Kulob ɗin bai sake buga wasa ba. Da aka ba Rogo ƙaramar hukumarta bayan wasu shekaru, samarinsu suka kafa nasu, namu ma suka kafa wani, aka roƙi Malam daga ɓangarorin biyu ya ƙi. Direban rake ya taɓa gaya mini ya hango wani mai kama da kocin nan a wani gari can kudu, a bakin fili, yara na zagaye da shi. Ya ce bai tsaya ba, yana da kaya a mota, kuma ba shi da tabbas.

Na daɗe ina guje wa Malam. Sai a wani ɗaurin aure a Rogo Sabon Gari, bayan ya yi ritaya, muka samu kanmu a tabarma ɗaya, babu hanyar tashi. Gashinsa ya yi fari duka. Bayan an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, na matsa kusa na ce ina neman gafararsa, ban je wurin Alhaji ba a ranar. Ya ce ya sani, tun ranar Juma'a ya sani.

"To me ya sa ba ka je da kanka ba, Malam?"

Ya ce yaron nan na Rogo ya kawo masa ƙwayoyin tun sati biyu kafin ya zo shagona. Ya ajiye su a aljihu yana ta juya abin, don ba ya so a ce ya dawo neman kujerarsa. Ya ce ya san gidan kowane uba a cikin iyayen yaran nan, da ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da yini biyu ya ishe shi, kuma babu uban da zai bar ɗansa ya fita ranar Asabar. Amma ransa a ɓace yake da mu, sai ya zo wurina sau ɗaya don ya sauke nauyi.

"Kai kwana biyu ka riƙe," ya ce. "Ni sha huɗu."

Aka kawo mana waina da miya a faranti ɗaya. Muka wanke hannu muka ci, ya tambaye ni ko har yanzu ina ɗinki, na ce idanu sun fara gajiya amma ina taɓawa. Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, ya tsaya tare da ni har motar Karaye ta zo.